Akwatin Sallama

Direban motar waken ya gaji da danna oda, ya sauko ya koma yi da baki. Tun hantsi motarsa take tsaye a kan sikelin Kamfanin Albarkar Damina, bayanta layi ya miƙe har bakin titi, ga jakunan mutanen Wagini da amalanken shanu sun cusa kai a tsakani, kowa so yake a auna masa hatsi ya samu ya shiga kasuwa tun ba ta watse ba. Shi sikelin lafiyarsa lau, yana aunawa. Kwamfutar da za ta karɓi awon ta tura babban ofis a Katsina ce ta ƙi, ban da wani ɗan zobe da ke ta kewaya a fuskarta ba ta nuna komai.

"Ruƙayyatu!"

Akwai wayar tebur a gaban Alhaji Maude, manajan reshen Batsari, akwai kuma irinta a gaban Ruƙayyatu, amma Alhaji bai taɓa yarda cewa wata na'ura ta fi maƙogwaronsa isar da saƙo ba. Ta gyara hijabi ta nufi ofishinsa. Ita kaɗai ce ma'aikaciyar kwamfuta a reshen, wato duk abin da ake jona wa wuta nata ne. In fanka ta tsaya ita, in butar shayi ta ƙone ita, ranar da talabijin ɗin gidan Alhaji ta daina kama tasha ma ita aka aika wa mashin. Ga shi ba a tabbatar da ita a aikin ba tukuna, zaman gwaji take yi. Kowa a kamfanin ya san Alhaji yana da wani ɗan ƙanwarsa da ya koyi kwamfuta a shago, wanda tuni ya gama auna kujerarta da ido.

Ta tarar da shi tsaye, hula a ture, wayarsa a kan tebur an saki murya. Injiniya Faisal ne daga babban ofis.

"Ba rashin sabis ba ne, ranka ya daɗe," in ji Faisal. "Baƙi ne suka cika muku netwok. Wayoyi birjik, babu ko ɗaya da muka sani, su suka shanye layin. Wannan ma mai sauƙi ne. Abin da ya ɗaga mana hankali shi ne, duk wanda ke ciki, in ya san hannunsa, zai iya leƙa kyamarorinku ya ga motar da aka loda, ya kuma ga lokacin da za ta kama hanyar Safana."

A wani garin wannan zancen injiniyoyi ne. A Batsari kuwa, inda direba kan nemi gafarar iyalinsa kafin ya bi wasu hanyoyin, zancen rai ne.

"Infoma!" Alhaji ya daki tebur har biro ya yi tsalle. "Wallahi infoma ne! An shigo mana da infoma ta cikin waya!" Ya kashe kiran ba ko sallama, ya juyo kanta. "Ke, ba don wannan ake biyan ki ba? To saurara. Kafin a sauko sallar la'asar ina son sunan wanda ya yi wannan aika-aika. Ni da hannuna zan ɗaure shi in miƙa shi ga hukuma, ko ɗan gidan uban wane ne. In babu suna, ki aje mani makullin ofis ki koma gida ki ji da tukunya."

"To, ranka shi daɗe."

Ɗakin na'urori a da sito ne, har yau warin maganin ƙwarin wake bai bar shi ba. Ta jona kwamfutarta a babban akwatin da ke raba wayoyin kamfanin ta duba. Ba ta sha wahala ba. Baƙin nan duka ta baki ɗaya suke shigowa, bakin wayar da ta tafi ƙofar waje. Ta sa hannu ta zare ta. Fitilun akwatin da ke ta ƙyafta ido kamar masu zazzaɓi suka lafa, can waje kuma ta ji magatakardan sikeli ya ƙwala ihu, "Ta kawo!" Direbobi suka ɗauki shewa, har da wanda ya gama zagin kakannin kamfanin ɗazu.

Abu ɗaya ne a ƙarshen wayar nan, intakom ɗin bakin ƙofa. Alhaji ya gan shi ne a wani otal a Abuja, ya dawo ya kasa barci har sai da aka kafa masa irinsa a jikin katanga ta waje, da ɗan idon kyamara da maɓalli, wai don masu neman taimako su riƙa tsayawa can ana sallamar su daga nesa. Sai dabara ta juye masa. Mutanen ƙauye suka raɗa wa abin suna akwatin sallama, suka kuma ba shi haƙƙinsa. Dattijo zai taso tun daga Tsaskiya, ya tuɓe takalmi, ya danna maɓalli, ya tambayi kwana da gajiya da iyali da dabbobi da labarin ruwa, akwatin na amsawa da muryar Alhaji, don ba ya iya katse wanda a haife ya haife shi. Ranar da ake kafa shi Ruƙayyatu ta yi magana. Ta ce wayar da ke bayansa kai tsaye ta shige cikin netwok ɗin kamfani, duk wanda ya kwance shi kamar an buɗe masa ƙofa ne daga titi zuwa uwar ɗaka, a bari ta ware masa layinsa daban. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wa zai taɓa shi, mutanen da ke gaishe shi a durƙushe?

Ta ɗauki jakar kayan aiki ta fita bakin ƙofa. Daudu maigadi yana zaune a inuwa yana ɓare gyaɗa. Da ya hango sukuddireba a hannunta sai ya ƙware.

"Sannu, Baba Daudu. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, ɗiyata. Mi za a yi wa akwatin kuma? Ai lahiya lau shike."

Kan notunan sun yi sheƙi, alamar sun saba da hannu. Ta kwance su ta ɗago fuskar akwatin. A bayanta an cusa wata 'yar na'urar raba waya da ba ta wuce kwalin ashana ba, an naɗe haɗin da baƙin salatif tsaf-tsaf. Wanda ya yi aikin ba ɗan koyo ba ne. Daga nan wata siririyar waya ta sauka, an shafe ta da laka don ta saje da katanga, ta bi gindin gini, ta ratsa ƙarƙashin kwata. Ruƙayyatu ta bi ta da ido tana addu'ar Allah ya sa ta wuce, ta tafi ko'ina ma, ko da gidan yari ne. Wayar ba ta wuce ba. Ta yi kwana ta shige ta tagar zauren farko da ke maƙwabtaka da kamfanin.

Zauren Malam Sharhabilu ne, limamin masallacin unguwar, mai makarantar Islamiyya, kuma mahaifin mijinta Uzairu.

Duk Juma'a tana ratsa zauren nan in sun zo gaisuwa daga gidansu na bayan asibiti, amma kai a sunkuye take wucewa, ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi. Ta fi sanin yatsun ƙafarsa da gefen buzunsa a kan fuskarsa. Ko da an rataye tauraron ɗan'adam a rufin zauren ba za ta gani ba. Ta kuma manta da abin da kowa a garin yake yi kamar ya manta, cewa kafin Malam ya naɗa rawani shi ne mai gyaran rediyo da kaset na bakin tasha.

"Baba Daudu," ta ce a hankali, "yaushe aka yi wannan?"

"Ni ban ga komi ba." Ya kalli sama, ya kalli gyaɗarsa. "Notuna kawai na riƙe mashi, kada su hwaɗi cikin ƙasa."

"Kai da aka sa gadi?"

"To ni wane ne? Malam ya ce halas ne. Mutumin da nika bi salla sau biyar, shi ce halas, ni in ce haram? Ki yi mani adalci hwa." Ya rage murya. "Kuma ba don kainai ba ne. Kin san almajirainai na ƙauyukka, manyan nan masu karatun littattafai. Tun da aka tashi garuruwansu kowa ya kama gabansa, wasu Katsina, wasu Jibiya, wasu har Maraɗi. To ta waya shike ba su karatu bayan la'asar, suna ganin shi suna jin shi. Rannan wani tsoho ya yi ta kuka a ciki, wai ya ji muryar gida."

"To sauran wayoyin fa? Na ga sun fi kasuwar ƙauye yawa."

"A'a, wannan sadaka ce. Ya ce shi ba ya sa wa alheri kwaɗo. Duk wanda ya zauna kusa da zauren wayarsa kamawa take. Mai shayi, 'yan acaba, masu jiran mota, kowa dai. Yau ga kasuwa, ai kin ga dole a cika."

Ruƙayyatu ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Haushi ya cika ta, na Alhaji da taurin kansa, na Daudu, na Malam ɗin ma, in dai ya halatta mutum ya ji haushin surukinsa da rana tsaka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, amma ba daddawar aka ce ta kawo ba, ɓeran aka ce. Ita da ko a gida bakinta bai taɓa kama sunansa ba, har ɗan maƙwabta mai irin sunan sai dai ta ce masa mai sunan Baba, yau ita za ta tsaya a ofis ta faɗe shi a matsayin infoma? Kuma mutumin nan ne, lokacin da dangin miji suka taso a kan ta bar aiki bayan biki, ya ɗaga hannu sau ɗaya ya ce a bar yarinya ta ci moriyar karatunta, aka bar ta.

Ta koma gefe ta kira Uzairu, wanda ke koyarwa a wata firamare a Safana. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya fashe da dariya.

"Au, abin da ya sa ya ce in sawo masa rauta mai watsa intanet ke nan? Ni na ɗauka layin waya zai sa mata."

"Dariya ma kake yi? Aikina fa zai tafi. Ka kira shi ka yi masa magana, ko ka zo ka ga Alhaji."

"Ni? In ce wa Baba me? In ce ya ɗebi intanet ɗin mutane?" Dariyar ta ɗauke. "Halo? Halo, Ruƙayya? Ba na jin ki sosai, kin san sabis ɗin nan namu..."

Tana jin kukan akuyar da ke bayansa tar, amma shi wai ba ya jin ta. Ta kashe wayar ta ajiye maganarsa sai an koma gida.

Tunda magana ba za ta yi aiki ba, sai ta sa hannu. Ta cire 'yar na'urar Malam ta naɗe ta a leda da ladabi, ta ba Daudu ajiya. Ta koma sito ta tono kwalin da intakom ɗin ya zo a ciki, ta samu notuna masu kan tauraro waɗanda sukuddireban kasuwa ba ya kamawa, da makullinsu, duk suna cikin ledarsu, mai kafawa ya yi ƙyuyar amfani da su. Ta ɗaure fuskar akwatin da su tamau. Bayan ta yi azahar ta zauna a gaban kwamfuta ta yi abin da ta roƙa a bar ta ta yi tun farko. Ta ware wa ƙofar waje layinta ita kaɗai, yadda daga can ba inda za a iya kaiwa sai allon da ke teburin Alhaji, ba kyamara, ba sikeli, ba intanet. Ta koya wa bakin wayar ya gane intakom ɗin kawai, in aka zare shi ko aka jona wani abu daban ya rufe kansa. Ta canja lambar sirrin da na'urar ta zo da ita daga masana'anta, wadda duk mai waya zai iya nemowa. A ƙarshe ta kunna ƙararrawar da ke kuka in an taɓa fuskar akwatin, wadda take nan tun ran farko ba wanda ya tashe ta. Ta mayar da wayar ƙofa, ta gwada, komai ya zauna daidai.

Aiki ya yi kyau, sai dai ba shi aka tambaye ta ba. Ta ji kiran la'asar, ta ji muryar surukinta a lasifika yana jan salla cikin natsuwa, ta yi tata a sito. Ta daɗe a zaune kan sallaya tana juya makullin ofis a hannu. Tana son aikin nan, so na gaske, har da warin maganin ƙwarin. Amma ta riga ta san abin da za ta ce.

"Ruƙayyatu!"

Alhaji ya dawo daga masallaci da carbi a hannu da ragowar fushi a fuska.

"Ina suna?"

"Ranka shi daɗe, na gano ta inda aka shiga. Ta bayan akwatin sallama ne. Na toshe, ba mai sake shiga, ka iya tambayar Injiniya Faisal. Kuma ba infoma ba ne."

"Wato kin san shi."

"Na san shi."

"To faɗi."

"Ba zan iya ba, ranka shi daɗe."

Wani annuri ya bayyana a fuskar Alhaji, irin na wanda faɗuwa ta zo masa daidai da zama. Ya ce dama ya faɗa, aikin tsaro ba na mata ba ne, mace sai tausayi da rufa-rufa. Ya miƙo tafin hannu. Ta buɗe jaka ta ciro makullin.

Sai allon da ke kan teburin ya tsandara wani kuka mai tsinin tsiya. Alhaji ya zabura har carbi ya faɗi.

"Mene ne wannan kuma?"

"Ƙararrawa ce. Wani yana taɓa akwatin yanzu haka."

"Alhamdu lillahi! Ɓarawo ya dawo da ƙafarsa!" Ya zagayo da sauri ya leƙa allon.

Da farko hanci ne kawai ya cika shi, da gilashin ido da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Da mai hancin ya ja da baya sai ga farin gemu, ga rawani, ga sukuddireba a tsakanin haƙora. Malam Sharhabilu ya ciro shi, ya sake gwada notin, ya girgiza kai, ya laluba aljihu ya ciro wani ƙarami, shi ma ya ƙi. Sannan ya gyara tsayuwa ya danna maɓalli kamar kowane baƙo.

"Salamu alaikum."

Ruƙayyatu ta ja hijabi ta rufe rabin fuskarta, duk da ta fi kowa sanin cewa na waje ba ya ganin na ciki. Shi kuwa Alhaji, wanda ya rantse zai ɗaure mutum ko ɗan gidan uban wane ne, gwiwoyinsa suka lanƙwashe da kansu, ya dafa tebur ya russuna wa allo.

"Wa alaikumus salam, Allah shi gafarta Malam. An wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Maude. Ya aiki?"

"Mun gode Allah. Ya ɗalibai? Ya ƙafar, ta yi sauƙi?"

Suka bi gaisuwa daki-daki har suka kai ga kakar bana, kamar ba yanzu suka rabu a masallaci ba. Sannan Malam ya yi gyaran murya.

"Ƙara na kawo. Layina ya ɗauke, ga mutane can suna jiran karatu. Na zo in duba na tarar an sauya notuna. Wannan ba maƙwabtaka ba ce, Maude."

"Layinka, Allah shi gafarta?"

"Wanda na ja daga nan. Ai mas'alar a fili take. In bishiyar maƙwabcinka ta miƙo reshe ta tsallake katanga, abin da ya zubo a kan hanya na mai wucewa ne. Wannan akwati a waje yake ko a ciki?"

"A waje yake."

"To. Ban haura katanga ba, ban fasa ƙofa ba. Abin kuma ba ya ƙarewa balle a ce na rage muku mudu. Ina laifin?"

"Babu, wallahi babu," in ji Alhaji, gumi na tsattsafo masa. "Kuskure ne na ma'aikata. Yanzu za a gyara." Ya danne maɓallin da ke kashe murya ya juyo. "Ke, maza je ki mayar masa."

"Ba zai yiwu ba, ranka shi daɗe."

"Ɗazu na ce ki faɗi suna kin ƙi, yanzu na ce ki mayar kin ƙi. Ke wai wa ke ba ki umarni a nan?"

"In na mayar, kafin magariba Katsina sun gani. Wannan karon kuma da saninka aka yi."

Alhaji ya yi tsuru-tsuru. Ya dubi allon, inda limaminsa ke tsaye yana jira da sukuddireba biyu, ya dubi wayarsa, inda Katsina take. Gaba kura baya sayaki. Sai ya yi abin da manya suka saba yi in tuwo ya yi zafi, ya tura wa na ƙasa kwanon.

"To ke ki faɗa masa. Ai surukinki ne." Ya saki maɓallin ya ja da baya.

Tun da aka kawo ta gidansu ba ta taɓa haɗa jimla biyu a gabansa ba in ba gaisuwa ba. Ta durƙusa a gefen teburin, don ba ta san yadda ake yi masa magana a tsaye ba.

"Baba, ina wuni."

Malam ya ɗan ja baya daga kyamarar, ya kawar da kai gefe. Shi ma kunyar ta kama shi. "Lafiya lau. Ya gida? Ya wajen su... mutanen gidan?"

"Lafiya lau, Baba. Ni na cire. Kuma ba za a mayar ba."

Ta ci gaba tun kafin ƙarfin halin ya gudu.

"Ba reshe ba ne ya tsallako, Baba. Wayar nan rami ce a jikin katanga, ta shiga har inda kyamarori suke. Da kai kaɗai ne da sauƙi, to an bar ta a buɗe, duk wanda ya zauna bakin zaure da waya ya shigo. A cikinsu ba mu san kowa da kowa ba. In akwai mai mugun nufi, daga kan bencin mai shayi zai ga motar da aka loda, ya ga direbanta, ya san lokacin da za ta bi ta Tsaskiya. Direbobin nan wasunsu a gabanka suka yi karatu."

Malam ya cire gilashin ya goge da bakin rawani. Shi ya yi wa direbobi biyu na garin nan sallar jana'iza a bara, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Da ya mayar da gilashin, muryarsa ta sauka ƙasa.

"An samu wanda ya leƙa?"

"Ban ga alama ba, Baba. Allah ya tsare."

"Alhamdu lillahi." Ya ɗago gemu, malantar ta dawo. "To ai ba a kawo mani mas'alar da wannan fuska ba. In akwai cutarwa, hukunci ya sauya. Haramun ne. Maude, kai ma da sakaci, ka bar abu haka a kan titi."

"Gaskiya ne, Allah shi gafarta Malam," in ji Alhaji.

Malam ya sake kai ido kan notunan, ya shafa ɗaya da ɗan yatsa, irin shafar wanda ya san aiki in ya gan shi. "Wannan mai kan tauraron, a ina ake samun makullinsa?"

"Ba a samu, Baba."

"Madalla," ya ce, ya zuba sukuddirebobinsa a aljihu ya juya.

Alhaji ya zube a kujera ya cire hula yana fifita da ita. Makullin ofis yana hannun Ruƙayyatu, bai ko kalli wajen ba. Ya ce in Katsina sun kira a ce musu ɓera ne ya ci waya. Ta ce za ta faɗa musu ta inda aka shiga da yadda aka toshe, ta kuma ba su shawara su duba irin akwatin nan da ke ƙofar ma'ajiyar kamfanin ta Safana, don mutum ɗaya ne ya kafa su. Suna kuwa, in sun matsa, sai su tambayi manaja. Alhaji ya ce ba za su matsa ba, ta tafi ta ba shi wuri.

Tana cikin naɗe wayoyi a sito, zuciyarta wasai, har ta fara tsara irin tarbar da za ta yi wa Uzairu, sai ga Daudu ya leƙo yana sosa ƙeya.

"Malam ya aiko ni. Ya ce a ce ma kamfani ya gode, Allah shi yi albarka."

"Amin."

"Ya ce kuma a ce ma matar Uzairu karatu ya makara, mutane na can sun yi jugum tun daga Jibiya har Maraɗi. Wai an ce wayarki na iya ba wata waya intanet."

Ruƙayyatu ta dubi wayarta. Jiya-jiya ta sa mata datar da take fatan ta kai ta ƙarshen wata. Ta tuna tsohon da ya ji muryar gida, ta yi ajiyar zuciya.

"Ka ce masa ga ni nan. Amma a hannuna za ta zauna, kuma da kwaɗo."

Daudu ya juya zai tafi, ya kai bakin ƙofa ya waiwayo.

"Ya ce ki taho da caja. Kullum ne hwa, bayan la'asar."